Ranar da Aka Juya Katin Bahago

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Malam Habibu yaya Masar, ka ga dalar Fir'auna, ka hau raƙumi, da gaske ne matansu na shan shisha? To yau na zauna zan faɗa sau ɗaya, wanda ya makara ya tambayi na kusa da shi. Dala dai na gan ta, ta tagar mota, a bayan wani bene da aka cika da shanya. Abin da ya cinye mini kwana goma sha biyun da na yi a Alƙahira shi ne wani kwali mai cike da katuna, da wani tsoho da ya yi fushi da ƙanena.

Kun san Sadisu, autanmu, shekararsa biyar a can yana karatun fiƙihu. A hutun zango na biyu na 2013 Inna ta ce muryarsa ba ta yi mata daɗi a waya ba, in je in gano mata shi da idona. Ta haɗa mini kaya kamar zan buɗe shago: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi, da daddawa ƙulli uku. Daga Funtua zuwa Kano direbanmu ya tsaya sau huɗu yana zuba wa mota ruwa, ni kuwa ina duba agogo ina karanta duk addu'ar da na sani. Na isa filin jirgi da gumi har cikin takalmi, sai aka ce jirgin ma bai iso ba tukuna.

A filin jirgin Alƙahira daddawar Inna ta kusa sa a tsare ni. Jami'in ya buɗe jaka, ya kwance ƙulli ɗaya, ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku biyu. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shaƙa, suka dube ni kamar na yi kisan kai. Larabcina na allo ne, na ce musu "ɗa'am, ɗa'am", ina nuna baki. Na farkon ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "ma'alish", irin yadda ake yi wa mutum jaje, ya tura mini jakar da bakin biro.

Sadisu na jira a waje. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Muka shiga wata ƙaramar bas zuwa Hayyin Ashir, unguwar da yake haya, kuma a nan na fara ganin abin mamaki. Ba kwandasta. Kowa ya miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, direban yana tuƙi yana ƙirga yana waya. Tsallaka titi kuwa sai da Sadisu ya riƙe mini hannu kamar ɗan firamare. Ya ce, "Yaya, kada ka kalli motar, ka kalli idon direban." Ni ban ga idon kowa ba, salati kawai nake yi har muka kai ɗaya ɓarin.

Ɗakinsu yana hawa na biyar, ba lif. Su huɗu ne a ciki, amma wanda za ku riƙe sunansa shi ne Mustafa, ɗan Damagaram, mai kirki ne ƙwarai, sai dai bakinsa yana riga tunaninsa fita. Da safe aka kawo mini ful, wato wake da aka dafa har ya narke aka zuba masa mai da lemun tsami, ga burodinsu mai faɗi kamar faifai. Na ci shi kwana uku a jere, a na huɗu cikina ya shigar da ƙara. Abin da ya burge ni shi ne matar da ke hawa na shida. Ba ta sauka sayen komai, kwando take zurowa da igiya ta baranda, mai shago ya sa tumatir ta ja abinta. Na ce da matan layinmu sun ga wannan, da yaran aike sun huta. Gaisuwarsu kuma gajeriya ce. Kafin ka tambayi mutum gajiya da iyali da sanyi, ya ce "tamam" ya kai kwanar titi.

A kwana na biyu na dafa miyar kuka da kaina, ɗakin ya ɗauki ƙamshin gida, kowa ya yi ƙari sai Sadisu. Loma uku ya yi ya wanke hannu. Na ja shi baranda na ce, "Kai, mene ne? Jarrabawa ce ko mace?"

Ya ce, "Yaya, Baba Usmanu ne ya daina yi mini magana. Sati uku ke nan, kuma saura kwana goma ya koma Sudan gaba ɗaya."

Baba Usmanu Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya bar ƙasar Haɗejia da ƙafa zai je aikin hajji, ya zauna a hanya, shi kuwa bai taɓa taka Nijeriya ba. Ya haura saba'in. Shi ya yi jinyar Sadisu wata guda a gidansa lokacin da taifot ta kwantar da shi, matarsa tana dama masa kunu, ba wanda ya gaya mana a gida. Da na ji haka sai kunya ta kama ni, don ni da nake yayansa ban ma san ya yi ciwon ba.

Na ce, "To me ka yi masa?"

Ya ce, "Wasa ne, Yaya."

Na ɗauka caca ce, har na fara tattara faɗa. Ashe ba ita ba ce. Baba Usmanu ya yi shekaru yana dafa wa wani Ba'amurke abinci, kuma mutumin yana da wani wasan tebur na ƙwallon ƙasarsu, besbol, wadda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya dake ta da sanda ya ruga. Da gari ya hargitse a farkon 2011 Ba'amurken ya tattara ya tafi, ya bar wa Baba kwalin. Tun daga lokacin duk Juma'a bayan la'asar ɗalibai ke haɗuwa da shi a ɗakin su Sadisu su buga, har suka kafa gasa. A cikinsu kaf ba wanda ya taɓa ganin besbol da idonsa.

Ga yadda abin yake, kamar yadda suka koya mini. Kowane ɗan wasa kati ne mai lambobi. Ana jefa 'ya'yan ludo uku, a duba katin mai jifa ko na mai duka, lambar ta faɗi abin da ya faru: an fitar da mai duka, ko ya tsira ya kai tashar farko. Tasha uku ce, wanda ya zagaya su ya dawo gida inda ya fara, ci ɗaya ke nan. Wasa zagaye tara ne. A kusurwar katin kowane mai jifa akwai lambar juriyarsa. In shida ce, to bayan zagaye na shida duk mai dukan da ya tsira sai a yi wa mai jifan alama a takarda. Alama biyu, ya gaji, sai a juya katinsa. Bayan katin lambobin banza ne, kowa dukansa yake. Sunayen Turawan sun gagare su, sai suka raɗa musu nasu, akwai Dogo, akwai Na-Allah. Gwanin Baba shi ne Bahago, kuma shekara biyu yana cika baki cewa Bahagonsa ƙarfe ne, bai taɓa gajiya ba.

Gaskiyar ita ce idon Baba ya yi rauni, don haka abokin karawarsa ne ke riƙe takarda. Su kuma yaran nan, tarbiyyar gida ta bi su har Masar. Wa zai dubi sa'an kakansa ya ce masa ka gaji? Sai kawai ba sa yin alamar. Ba su taɓa zama sun shirya hakan ba, kowa ya ga na gabansa ya yi shiru shi ma ya yi.

Ranar wasan ƙarshe na gasa, Sadisu da Baba, zagaye na takwas, Baba na gaba da uku da biyu. Zafin wasa ya ɗebi Sadisu, ya yi wa Bahago alama ɗaya. Sai wani mai duka ya sake tsira, amma ba don ya yi dukan kirki ba, mai tsaron tasha ne ƙwallo ta suɓuce masa. Sadisu ya ce alama ta biyu ke nan. Baba ya ce ina, kuskuren mai tsaro ne, ba a ɗora wa Bahago. Da farko ma daɗin gardamar yake ji, yana dariya yana buga tebur. Sai Mustafa, don ya kashe wutar, ya ce, "Haba Sadisu, ka ƙyale wa Baba mana kamar yadda muka saba."

Baba ya ce, "Kamar yadda kuka saba?" Ya tattara katunansa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe kwali, ya sauka hawa biyar ɗin nan shi kaɗai, bai yarda kowa ya riƙe masa ba. Sau biyu Sadisu ya je gidansa ya durƙusa ya ce, "Baba ka yi haƙuri, kai ka ci, kofin naka ne." Duk sau biyun Baba ya juya fuska bango.

Da labari ya bazu cewa yayan Sadisu malamin Turanci ne, ranar Talata da hantsi ɗakin ya cika. Kun san ɗaliban fiƙihu. Ashe a sati ukun nan mas'alar ta rabu mazhaba biyu. Mutanen unguwar Faisal, waɗanda ke haya can ƙetaren kogi, sun ce ba a hukunta mutum da kuskuren wani, don haka babu alama. Mutanen Hayyin Ashir sun ce illar hukuncin, wato dalilinsa, ita ce gajiyar hannu, kuma hannu ya riga ya yi jifa ko an cafe ko ba a cafe ba. Wani dogo ya miƙe ya yi ƙiyasi da matafiyi mai azumi. Wani ya ce ƙiyasin bai inganta ba, ya kawo dalili uku. Na zauna baki buɗe ina kallon mutanen da za su dawo su yi mana limanci suna jijiyar wuya a kan hannun wani Bature na kwali. Na tambaya, "To me littafin dokar ya ce?" Suka dubi juna. Littafin yana cikin kwali, kwali yana wajen Baba. Su da wata fassarar Larabci ta shafi ɗaya suke aiki, wadda wani ya yi musu a gurguje.

Washegari muka nufi unguwar Arba wa Nus, inda Baba yake. Lunguna ne matsattsu, wayoyin wuta a sama kamar saƙar gizo, ko'ina Sudanawa da turarensu. Wani mai keken burodi ya ɗauko tire a ka ya kusa tafiya da hulata. Sadisu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba zai iya shiga ba, na ja shi da ƙarfi.

Rabin kayan gidan an riga an ɗaure. Baba Usmanu gajere ne, fari tas da furfura, cikin jallabiya. Ya karɓe ni hannu biyu. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, da Larabci a tsakiya, kuma shi kam ya san gaisuwa, sai da ya tambaye ni har damina da dabbobi. Matarsa Hajja Zainabu ta kawo kisra, wata waina mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa da ta tuna mini ta kakarmu. Ta shafa kan Sadisu ta ce ya rame. Baba bai dube shi ba ko sau ɗaya.

Bayan shayi ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya zaro littafin ya miƙo mini. "Ustaz, an ce kai malamin Turanci ne. Karanta mini abin da aka ce a kan gajiya."

Na buɗe, na samu wurin. Maganar a fili take, ko ɗan aji biyu zai gane. Duk mai dukan da ya kai tasha, ta kowace hanya, har da kuskuren mai tsaro, alama ce a kan mai jifa. Sadisu ne da gaskiya. Na sake karantawa ko zan sami wata kafa, babu. Na dubi tsohon nan da ya yi jinyar ƙanena, na dubi Sadisu da ya sunkuyar da kai, sai na ji bakina yana cewa, "To Baba, gaskiya littafin bai fayyace sosai ba. Ana iya fahimtarsa ta nan, ana iya fahimtarsa ta can."

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ni ban iya Turanci ba, amma na iya mutane. Yatsanka ya tsaya a layi ɗaya sau uku, idonka ya tafi wajen ƙanenka. Kai ma daga zuwanka ka shiga sahunsu?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, "Baba, girmanka muke gani."

Ya ce, "Girma? Shekara biyu ina zuwa gida ina gaya wa wannan baiwar Allah na ci malamai. Ina tafiya a bas ina tsara wanda zan sa ya yi duka na farko. Ashe ni kaɗai nake wasa, su reno suke yi. Sannan wannan," ya nuna Sadisu da haɓa, karo na farko, "ya zo har gidana sau biyu yana ba ni kofi sadaka. A duk ɗakin nan shi kaɗai ya taɓa ɗaukata abokin karawa, na minti ɗaya, shi ne kuma yake ba ni haƙuri a kai."

Sadisu ya ɗago kai. Ni ma sai a lokacin na gane inda ciwon yake. Na gyara zama, na ɗora yatsa a layin, na karanta shi da Turanci da ƙarfi kamar ina gaban aji, sannan na fassara kalma bayan kalma ban rage komai ba. Na ce, "Alama biyu ce, Baba. Bahago ya gaji."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Khalas, shi ke nan. Juma'a bayan la'asar. Daga inda aka tsaya."

Ranar Juma'a ɗakin bai ɗauke mu ba, wasu a baranda suka tsaya. Mutanen Faisal sun zo da fuskar waɗanda aka kayar a kotu. Mustafa ya kawo takardar wasan da ya adana, ya zauna can kusurwa, an gargaɗe shi kada ya ce uffan. Baba ya hau hawa biyar yana haki, ya jera katunansa, ya ɗora Bahago a tsakiya da fuskarsa ta ƙarfi a sama. Ya harɗe hannu yana kallon Sadisu. Ashe jira yake a faɗa masa.

Sadisu ya buɗe baki ya rufe. Na san abin da yake ji, don mu duka haka aka raine mu, ko ruwa Baba ya zubar sai mu ce kofin ne ya karkace. Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Baba, mai jifanka ya gaji. Juya shi."

Baba ya sa yatsa biyu ya juya katin. Ya ɗago shi kusa da ido yana duba lambobin bayan da bai taɓa gani ba, ya ce, "La ilaha illallahu, ashe haka kake a ciki." Ɗakin ya fashe da dariya, har da shi.

Dokar ta ba shi damar ya cire Bahago ya sa wani, sai dai shekara biyu bai taɓa buƙatar wani ba, bai ma san katunan sauran masu jifansa ba. Ya ce zai ƙarasa da shi. Jifa na farko, aka fitar da mai dukan Sadisu. Na biyu ma aka fitar, Baba ya yi kabbara. Na uku kuwa 'ya'yan ludo suka faɗi a kan lambar da ke nufin ƙwallo ta tsallake katanga, mai dukan da biyun da ke kan tasha, mutum uku, suka shigo gida. Biyar da uku. A zagaye na tara Baba ya rama ɗaya, ya sa mutum a tasha ta uku, muka miƙe tsaye gaba ɗaya, sai mai dukansa na ƙarshe ya faɗi. Biyar da huɗu aka tashi.

Baba ya daki tebur har shayi ya zube. Ya zagi 'ya'yan ludo da Larabci, ya zagi mai tsaron da ya yi kuskuren da Hausa, ya ce wa Sadisu, "Sa'a ce kawai, ɗan banza, ba iyawa ba. Gobe da hantsi ka zo gidana, kuma ka zo da takarda da biro mai kyau." Sadisu yana dariya hawaye na zuba, ya kasa cewa komai sai "To, Baba." A daren nan kwano biyu na tuwo ya ci.

Kwana biyar suka rage, kuma kullum sai sun buga, a kan wani akwati da aka riga aka ɗaure. Ni ne alƙali, littafi a cinyata. Hajja Zainabu tana ta faɗa wai tsoho ya bar ta da haɗa kaya. Baba ya koyi cire mai jifa kafin ya gaji, ya gano wani kati da ya yi shekara biyu a ƙasan kwali, ya raɗa masa Ɗan Auta. Dalar Fir'auna da kuke tambaya, a hanyar rakiyar wani ɗan Faisal na hango ta, don ban sami ranar zuwa ba.

Ranar tafiyarsu muka raka su tashar motar Aswan da sassafe, daga garin Aswan ɗin jirgin ruwa zai ƙetara da su Sudan. Kwalin ya bar wa ɗalibai. Ya rungume Sadisu ya daɗe bai sake shi ba, yana yi masa addu'a a kunne, ni na juya ina kallon masu ɗora kaya don kada a ga idona. Ina son tsohon nan, kwana takwas kacal na san shi amma ina son shi. Da ya hau mota ya zauna, sai ya ƙwanƙwasa gilashi ya yafito ni. Na matsa, ya zuge tagar.

Ya ce, "Ustaz, in ka koma ka gaishe da mahaifiyarku. Ka ce mata ɗanta yana da tarbiyya, har ta yi yawa. Kuma ka gaya mata a wasa biyar na ƙarshe ya ci uku, na ci biyu." Ya ɗaga yatsu biyu ya manna su a gilashi. "Biyun nan ba wanda ya ba ni su."